Gamon Magani Biyu A Jiki Ɗaya



Ranar da sakataren ƙungiya ya bugo mini waya ya ce ni zan yi jawabin bana, sai na tambaye shi a kan me. Ya ce a kan abin da na sani. Na ce masa ai shekara 30 da ɗoriya ke nan ban san komai ba sai ƙirga ƙwayoyi a bayan tagar ɗakin magani na asibiti. Ya yi dariya ya ce abin da ake so ke nan, domin yanzu da wuya ka laluba aljihun ɗan ajinmu ba ka sami ƙwaya ba, in ba ta hawan jini ba, ta suga. Gaskiyarsa. Waɗanda a da suke tsallake katanga da dare su tafi sinima, yau na ga wasunsu sai da suka huta sau biyu kafin su hawo matakalar wannan zaure.

Na roƙi editan mujallarmu ya bar sunayen magunguna yadda ake rubuta su a jikin kwali, don wanda ya koma gida ya iya dubawa ya gane.

'Yan ajinmu za su tuna abin da malaminmu na Kemistiri yake maimaita mana duk ranar da muka shiga ɗakin gwaje-gwaje: kada a kuskura a zuba ruwa a cikin asid, asid ake ɗiga wa ruwa a hankali. Ruwa na zaune lafiya a kwalbarsa, asid na zaune lafiya a tasa, gamuwarsu ce take ƙona fuska. Maganata ta yau duk a nan take. Akwai magungunan da ake yi don yaƙar ƙwayar cutar bairos, irin ta ciwon hanta da ƙanjamau da korona. Akwai kuma magungunan da suke taɓa garkuwar jiki, wasu su zuga ta, wasu su kwantar da ita. Kowannensu ya ceci rayuka masu yawa. Amma na ga abin da gamuwarsu take yi a cikin gidanmu, shi ya sa na zaɓi wannan magana.

Ina da ɗan baffa wanda ya girme ni, Yaya nake ce masa. Ƙodojinsa sun gaza, ya yi kusan shekara biyu ana yi masa wankin ƙoda, har ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya ta ce ta ba shi ɗaya daga cikin nata. Aka sayar da fili, dangi suka yi karo-karo, aka tafi Indiya aka yi dashe. Wanda aka yi wa dashe kuwa, garkuwar jikinsa tana kallon sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, kuma in aka ƙyale ta sai ta kashe ta. Saboda haka dole ya sha maganin kwantar da garkuwa har ƙarshen rayuwarsa. Babba a cikin waɗanda Yaya yake sha shi ne tacrolimus, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta a cikin ƙasar yankin Tsukuba na Japan a 1984, aka fara ba da izinin amfani da shi a Amurka a 1994. Safe da yamma yake sha, ba fashi.

A ƙarshen 2022 ya yi tafiyar kasuwanci ƙasar waje. Ana jibi zai dawo zazzaɓi da tari suka kama shi, ya shiga wani ƙaramin asibiti, aka gwada aka ce korona ce. Likitan ya tambaye shi ta bakin tafinta ko yana shan wani magani, ya ce a'a. Aka ba shi Paxlovid, maganin korona na kwana 5, ya fara sha, ya hau jirgi ya dawo gida. A kwana na huɗu uwargidansa ta kira ni bayan isha'i, ta ce, “Don Allah ka zo ka ga yayanka, hannunsa rawa yake yi, ko kofin shayi ba ya iya riƙewa.” Na tarar da shi da ciwon kai mai tsanani, yana amai, kuma tun safe fitsarinsa bai taka kara ya karya ba. Na ce a kawo mini duk abin da yake sha. Da na ga kwalin nan kusa da kwalin tacrolimus, sai da gabana ya faɗi.

Na ce, “Yaya, da likitan ya tambaye ka, me ya sa ba ka faɗa masa wannan ba?” Ya ce, “Ai wannan ba magani ba ne, na ƙoda ne. Shi ya tambaye ni ko na sha wani abu ne saboda zazzaɓin.” Na daɗe ina tunanin wannan amsa. Abin da mutum ya shekara 6 yana sha kullum ya zama masa kamar koko da ƙosai, ya daina lissafa shi cikin magani. Likitan ma da laifinsa, don da ya ɗaga rigar Yaya da ya ga tabon aiki a mararsa.

Ga abin da ya faru a cikin jikinsa. Ku tuna da kwatamin wankanmu na ɗakin kwana: famfo yana zuba, makwarara tana janyewa, ruwa ba ya wuce idon sawu. Ranar da wani ya toshe makwararar da soso, kafin a ankara ruwa ya shigo har ƙarƙashin gadaje. Maganin da muke sha shi ne famfo, hanta ita ce makwarara. A cikin hanta da hanji akwai wani sinadari mai aikin narka magunguna, masana suna kiransa CYP3A4, kuma kaso mai yawa na magungunan da muke sha ta hannunsa suke bi su fita. Shi Paxlovid ƙwaya iri biyu ce a kwali ɗaya. Nirmatrelvir shi ne mai yaƙar bairos ɗin. Ritonavir kuwa, wanda tun 1996 aka fito da shi don ƙanjamau, an saka shi ne da gangan don ya toshe wannan makwarara, saboda abokin tafiyarsa ya daɗe a jini yana aiki. Dabara ce mai kyau. Matsalar ita ce soso ba ya zaɓen ruwan da zai tare. Tacrolimus ta wannan makwarara yake fita, kuma magani ne da tazarar da ke tsakanin amfaninsa da dafinsa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Bayan dashe ya zauna, yawanci ana son a same shi a jini tsakanin nanogiram 5 zuwa 10 a kowace mililita. In ritonavir ya shiga, yakan ninka sau da yawa cikin 'yan kwanaki. Don ku gane girman abin, mai dashen da dole ya zauna a kan ritonavir saboda ƙanjamau, maimakon ya sha tacrolimus sau biyu a rana, akan mayar da shi rabin miligiram a mako guda ko makamancin haka. Yaya kuwa cikakken awonsa ya ci gaba da sha safe da yamma. Abin takaicin shi ne, gaɓar da tacrolimus yake fara lalatawa in ya yi yawa ita ce ƙoda, wato ita wadda aka ba shi don ya kare. Yana kuma tayar da fotashiyam a jini, wanda kan iya tsayar da zuciya, yana taɓa ƙwaƙwalwa har ya kai ga farfaɗiya.

A daren muka kai shi asibiti, aka dakatar da duka biyun. Ko a nan ma ba a gama ba, domin toshewar ba ta buɗewa ranar da aka daina sha, sai ta ɗauki kwanaki, musamman ga mai shekaru. Likitocinsa suka riƙa auna jininsa a kai a kai, suna jiran awon ya sauko kafin su mayar masa da maganinsa kaɗan-kaɗan, don in an yi gaggawa dafi ya dawo, in an yi jinkiri garkuwa ta farka ta far wa ƙodar. Duk kwanakin nan ƙanwar tasa tana zaune a kan tabarma a baranda, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ba Yaya kaɗai abin ya taɓa samu ba. A 2023 da hukumar magunguna ta Amurka ta ba Paxlovid cikakken izini, sai da ta sa aka buga gargaɗi mafi girma a takardarsa game da gamuwarsa da wasu magunguna. A watan Fabrairun 2024 hukumar magunguna ta Turai ta sake jan kunnen likitoci a kan haɗa shi da tacrolimus da ciclosporin da sirolimus da everolimus, bayan rahotannin da suka haɗa har da mace-mace. Kuma masu dashe sun yawaita a cikinmu. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, ga waɗanda suke zuwa Indiya da Masar. Su sani akwai kishiyar wannan haɗari: tsofaffin magungunan ƙanjamau irin efavirenz da nevirapine faɗaɗa makwararar suke yi, tacrolimus ya zube da wuri, jiki ya ƙi ƙodar. Ko lemon garehul an hana mai dashe, don shi ma yana toshewa.

Wani zai ce shi ba a yi masa dashe ba, kuma korona ta lafa. To, ritonavir bai tafi ko'ina ba. A Nijeriya, mai ƙanjamau da magungunan matakin farko suka daina yi masa aiki akan mayar da shi kan atazanavir ko lopinavir, kuma kowannensu da ritonavir ake haɗa shi. A ɗaya gefen kuma, maganin kwantar da garkuwa da ya fi kowanne yawa a garuruwanmu shi ne dangin sitiroyid, wato su prednisolone da dexamethasone, waɗanda ake saya a kemis kamar alewa don ciwon gwiwa da sanyin ƙashi. Suna cikin abin shaƙa na masu asma da feshin hanci, suna cikin allurar da ake yi a gwiwa, akan same su a ƙwayoyin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe, da wasu mayukan bilicin. Akwai wani mai suna fluticasone da ake shaƙa, wanda a ƙa'ida ɗan abin da ya shiga jini hanta take share shi nan take. A gwajin da aka yi da ritonavir, yawansa a jini ya ninka kusan sau 350. Sai ka ga fuskar mutum ta yi zagaye kamar faranti, ciki ya fito, ƙafafu sun sirance, suga da hawan jini sun tashi, ƙashi ya yi rauni, 'yan uwa kuwa suna yi masa barka wai ya murmure. Mafi muni, jiki yana da wasu 'yan halittu biyu a saman ƙoda da suke haɗa masa nasa sitiroyid ɗin. In suka ga ya yi yawa a jini sai su yi barci, ranar da mutum ya daina sha farat ɗaya sai ya yanke jiki ya faɗi. Shi ya sa sitiroyid ɗin da aka daɗe ana sha a hankali ake janye shi. Mai asmar da ke kan ritonavir kuma akwai wanda ya fi dacewa da shi, beclomethasone, amma sai likita ya san halin da ake ciki kafin ya canza. A nan kunya take kashe mutane: mai ƙanjamau yana karɓar maganinsa a wani asibiti a ɓoye, ya zo wani asibitin da asma bai faɗa ba. Na roƙe ku, in akwai wanda wannan ta shafa a danginku, kada ya bar maganin ƙanjamau ko na kwana ɗaya saboda abin da na faɗa. Ya faɗa wa likita kawai, sirrinsa amana ce a wuyanmu.

Akwai wata hanyar cutarwa dabam da toshe makwarara, wato magani biyu su taru a kan gaɓa ɗaya. Wannan na gan ta da idona a farkon aikina. Interferon wani sinadari ne da jiki yake yi da kansa don zuga garkuwa, Alick Isaacs da Jean Lindenmann suka gano shi a Landan a 1957. Bayan an gano bairos ɗin ciwon hanta nau'in C a 1989, da allurarsa aka fara magani, amma shi kaɗai ko mutum ɗaya cikin biyar ba ya warkarwa. A 1998 aka haɗa shi da ƙwayar ribavirin, a 2001 aka fito da allura mai dogon zango ta mako-mako, waraka ta kai wajen rabi ko fiye. Sai dai an biya da tsada. Ribavirin yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, shi kuma interferon yana danne ɓargo, wato masana'antar da za ta maye gurbinsu. Ɗaya yana ɓarna, ɗaya ya ɗaure hannun mai gyara. Haka mutum zai yi mako 24 ko 48 yana fama da ƙarancin jini, da zazzaɓi bayan kowace allura, wasu da baƙin ciki mai tsananin da sai an sa musu ido. Na ga magidanta ƙarfafa suna hawaye a gaban tagata ba su san dalili ba. Ga ribavirin yana nakasa ɗan tayi, har ana hana mace ɗaukar ciki wata 9 bayan ta gama sha, ko wata 6 bayan mijinta ya gama. In kuma ya gamu da azathioprine, wani maganin kwantar da garkuwa, ɓargo kan tsaya cik cikin 'yan makonni. An taɓa gwada interferon da telbivudine don nau'in B, aka dakatar da gwajin saboda jijiyoyin hannu da ƙafa da suka riƙa lalacewa.

Wannan zamani ya wuce ga nau'in C. Sofosbuvir ya fito a Disambar 2013, yanzu kuma ƙwayoyi kawai ake sha na mako 8 zuwa 12, kuma fiye da kashi 95 cikin 100 suna warkewa. Masar, wadda cutar ta yi wa katutu sakamakon allurar tsargiya da aka yi wa jama'a shekaru da dama da sirinji marasa tsabta, ta gwada kusan mutum miliyan 50 daga 2018, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta yaba mata a 2023. Na kawo tarihin ne don ku ga cewa wani lokaci likita yana haɗa biyun da saninsa, domin ba shi da abin da ya fi. Bambancin wannan da na Yaya shi ne ana sane, ana auna jini, ana rage awo in ya kama.

Yanzu ga abin da ya fi kusa da kowa a wannan zaure. Binciken ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Rigakafinsa bai shiga jerin alluran jarirai a ƙasar nan ba sai 2004, saboda haka mu duk mun girma ba tare da shi ba, mun kuma sha aska ɗaya a wurin wanzami da almakashi ɗaya a ɗakin kwana. Ku ƙirga kujeru 12 a layinku, a lissafi akwai yiwuwar mutum ɗaya yana da shi, kuma galibi bai sani ba, saboda garkuwarsa ta danne bairos ɗin yana kwance. Ranar da aka kwantar da garkuwar, ko da maganin ciwon daji, ko da sitiroyid mai yawa na mako 4 ko fiye, ko da rituximab da ake ba masu wasu cututtukan daji da na gaɓoɓi, sai bairos ɗin ya miƙe ya hayayyafa. In aka janye maganin garkuwa ta farfaɗo, sai ta tarar da hanta cike da abokan gaba ta far mata gaba ɗaya. Idanu su yi ɗorawa, a gida a ce shawara ce a dafa saiwa, alhali hanta ce take mutuwa. A 2013 aka sa wa rituximab babban gargaɗi a kan wannan, a 2016 aka sa wa sababbin magungunan nau'in C ma, don an ga suna iya tayar da nau'in B da ke kwance. A irin wannan hali rashin haɗawa shi ne haɗarin: ana fara ba mutum tenofovir ko entecavir kafin a taɓa garkuwarsa, ya ci gaba da sha watanni bayan an gama. Ko shi ma da lura, don tsohon samfurin tenofovir yana wahalar da ƙoda, in ya gamu da tacrolimus nauyin ya zama biyu.

Abin da nake roƙo ba shi da tsada. Duk wanda zai ga likita ya zuba dukkan abin da yake sha a leda ya tafi da shi, har da na shaƙa, da na shafawa, da na ɗigawa a ido, da jiƙon gargajiya, ya juye a kan tebur. Likita ya fi son ya ga kwali a kan ya ji “wata 'yar farar ƙwaya”. Matanmu ma su san abin da muke sha, don ranar da mutum ba ya iya magana su za a tambaya. Kuma in ɗa ko ƙane ya aiko da magani daga Ingila ko Amurka, a yi masa godiya, amma a nuna wa likita kafin a buɗe. Mu ma da ke bayan taga muna da namu laifin, layi ya yi tsawo sai mu miƙa magani ba tambaya. Tun daga kan Yaya na daina tambayar mutum ko yana shan magani. Cewa nake yi, “Me ka haɗiya yau da safe, me za ka haɗiya da dare?”

Yaya ya yi kwana 11 a asibiti. Ƙodar ta tsira, amma ba ta koma ƙarfinta na da ba, yanzu duk wata sai an duba ta. Na rubuta masa sunayen magungunansa a wani ɗan kati da Hausa da Turanci, aka lulluɓe da roba, yana cikin fasfo ɗinsa. Ƙanwar tasa ce ta karɓi katin ta karanta kafin ta miƙa masa, ta ce, “Yaya, saura ɗaya gare ni, ba ta bayarwa ba ce.”

Ranka ya daɗe shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. Abokan aikina suna baranda da kayan gwajin ciwon hanta nau'in B, ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako cikin minti 20, kuma ba wanda zai ji sai mai shi. Ina roƙon iyayenmu malamai su fara, mu biyo baya aji-aji, kamar layin ɗakin cin abinci.